DARASIN DA GUGA YA KOYA MANA A RIJIYAR KUSUGU

Daga Malamin Kimiyya

Gabatarwa

 Da kwamitin wannan mujalla ya ce in rubuta wani abu daga sashen kimiyya, sai na tuna ranar da muka kai 'yan aji huɗu yawon buɗe ido rijiyar Kusugu da ke cikin birnin Daura. Kowa ya san labarinta. Masu tarihin baka sun ce a zamanin Magajiya Daurama wata macijiya ta tare rijiyar, ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajidda ya sauka gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa bai samu ba, ya ɗauki guga da dare ya tafi, ya jawo macijiyar ya fille mata kai. Daga nan labarin Hausa Bakwai ya samo tushe.

Ni kuwa abin da ya ɗauki hankalina a ranar nan daban ne. Wata yarinya ta zura guga, ya cika, ta fara ja. Da farko ta yi nishi, jijiyoyin hannunta suka tashi. Da gugan ya kama hanya sai ta sami sauƙi. Ta juyo ta ce mini, "Malam, me ya sa farkon jan ya fi wuya, alhali ruwan bai ragu ba?" Wannan tambaya ita ce ainihin darasin da muka yi mako biyu muna fama da shi a kan allo, da yawa suna haddace F = ma kamar karatun aku, ba su san abin da yake nufi ba. To, ga amsar a rubuce, don wanda bai je ba ma ya amfana.

Kalmomi Uku

Kafin mu yi nisa, sai mu daidaita kan kalmomi uku, domin Hausa takan haɗa wasu abubuwa da kimiyya ta raba.

Ta farko ita ce ƙarfi. A nan muna nufin turi ko ja, kowane iri ne: hannu kan igiya, sa a gaban amalanke, injin mota, iska a bayan mai keke. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira niyuton. Niyuton 1 ɗan kaɗan ne, kamar nauyin tumatir guda matsakaici, mai giram 100, a tafin hannunka.

Ta biyu ita ce wadda Turawa suke kira mas, wato yawan jikin abu, yawan abin da ke ƙunshe cikinsa. Da kilo ake auna shi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, buhun siminti kilo 50 ne. A kasuwa mukan ce masa nauyi, amma a ɗakin kimiyya nauyi wani abu ne daban, wato ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi zuwa gare ta. A doron duniya kowane kilo 1 ana jansa da niyuton 9.8, mu kan ce 10 don sauƙin lissafi. A duniyar wata jan bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan ba. Saboda haka gugan da ke ɗauke da lita 10, ko a Daura ko a wata, jikinsa kilo 10 ne. Amma nauyinsa a Daura wajen niyuton 100 ne, a wata kuwa wajen 16 kawai.

Ta uku ita ce sauyin gudu. Gudu daban, sauyin gudu daban, a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Motar da ke tafiya kilomita 80 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, ba ta ƙarawa ba ta ragewa, tana da gudu, amma sauyin gudunta sifiri ne. Sauyin gudu yana faruwa ne sa'ad da abu ya tashi daga tsaye, ko ya ƙara mai, ko ya taka birki, ko ya sha kwana. Idan muka ce sauyin gudun abu 2 ne, muna nufin kowace sakan guda gudunsa yana ƙaruwa da mita 2 a sakan: bayan sakan ɗaya mita 2 a sakan, bayan sakan biyu mita 4, haka haka.

Wanda Ya Tsara Dokar

Mutanen da sun daɗe suna bin ra'ayin Aristotil, masanin nan na ƙasar Girka wanda ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. Shi ya koyar cewa abu ba ya tafiya sai ana ci gaba da tura shi, kuma mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Galiliyo ɗan ƙasar Italiya, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1642, shi ya fara rushe wannan, ta wurin gangara ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci.

Wanda ya kammala aikin shi ne Ishaku Niyuton na Ingila. An haife shi ranar Kirsimeti ta 1642 bisa ga kalandar ƙasarsu ta lokacin, a wani ƙauye na manoma. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki. Da ya zama saurayi mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta don ya kula da gona, sai da shugaban makarantar da kawunsa suka sa baki aka mai da shi. Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1661. A 1665 annoba ta sa aka rufe jami'ar, ya koma ƙauye, a can ya yi ta nazari shi kaɗai. A 1687 ya buga babban littafinsa da harshen Latin, wanda ake kira Firinsifiya a taƙaice, inda ya kafa dokoki uku na motsi. Ya rasu a 1727. A 1948 masana awo na duniya suka raɗa wa ma'aunin ƙarfi sunansa. Mutum ne kuma da ya ba da shekaru masu yawa ga nazarin Littafi Mai Tsarki, har ya bar rubutu a kan littafin Daniyel da Wahayin Yahaya. Ɗalibin da ke jin cewa ɗan ƙauye ko maraya ba shi da rabo a kimiyya, ya riƙe wannan.

Dokarsa ta biyu ita ce tamu a yau. Ga ta a Hausa: sauyin gudun abu yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin da aka sa masa, yana kuma raguwa gwargwadon yawan jikinsa. In ka ninka ƙarfi, sauyin gudu ya ninku. In ka ninka jiki, sauyin gudu ya koma rabi. Shi ne ake rubutawa F = ma, F ƙarfi, m jiki, a sauyin gudu. Sai dai a kula, ƙarfin da ake nufi shi ne ragowar ƙarfi, wato abin da ya saura bayan an ɗebe duk abin da ke ja ta wancan gefe.

A Bakin Rijiya

Mu koma wurin yarinyarmu. A ce gugan da ruwansa kilo 10 ne. Ƙasa tana jansa da niyuton 100. In yarinyar ta ja da niyuton 100 daidai, ragowar ƙarfi sifiri ne. Gugan da ke tsaye zai tsaya yana reto. Kafin ya tashi dole ta wuce 100. A ce ta ja da 120. Ragowar 20 ke nan. A raba 20 da kilo 10, a sami 2. Cikin rabin sakan gugan ya kai gudun mita 1 a sakan.

Ga inda amsar take. Da zarar ya kama wannan gudu, ba ta bukatar 120 kuma. In ta koma 100, ragowar ƙarfi ya koma sifiri, sauyin gudu ya koma sifiri, amma gudun da ya riga ya samu yana nan, gugan zai ci gaba da hawa mita 1 a sakan. Ƙarin niyuton 20 ɗin nan kuɗin tashi ne, ana biyansa a farko kawai. Ban da wannan, lokacin da guga yake cikin ruwa, ruwan yana tallafa masa, da ya fito tallafin ya ƙare, nauyin duka ya faɗo kan hannu a lokaci ɗaya. Abubuwa biyun nan su suka sa ta nishi.

Wannan lissafi ya bayyana wani abin da iyayenmu mata suka sani tun ba su ji sunan Niyuton ba. Sukan ce wa yaro, "Kada ka fizgi igiya, ja a hankali." A ce igiyar ta tsufa, ba ta ɗaukar fiye da niyuton 200. Mai ja a hankali da 120 ba abin da zai same shi. Amma yaro mai gaggawa ya fizga, ya so gugan ya kai mita 2 a sakan cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Sauyin gudu ya zama 20. Kilo 10 sau 20, niyuton 200 ke nan, a haɗa da 100 na nauyi, 300. Igiya ta tsinke, guga ya koma ƙasa, a shiga yawon aron ƙugiya gida gida. Ruwan bai ƙaru ko da cokali ɗaya ba, gaggawa ce ta ninka wa igiya aiki sau uku.

Kurar Ɗan Ga-ruwa

Don mu ga aikin jiki sosai, mu bar rijiya mu bi ɗan ga-ruwa cikin gari. A ce kurarsa da jarkoki goma babu ruwa kilo 50 ce. Ya tura, bayan an ɗebe gogayyar taya da ƙasa, ragowar ƙarfinsa niyuton 150. A raba 150 da 50, a sami 3. Cikin sakan ɗaya kura ta kai mita 3 a sakan, har sai ya bi ta da sassarfa.

Yanzu ya cika jarkokin, kowace lita 25. Ruwa kilo 250, a haɗa da 50, kilo 300. Da wannan ragowar ƙarfi na 150, sauyin gudu ya zama rabi kawai, wato 0.5. Jiki ya ninku shida, sauyin gudu ya ragu sau shida. Shi ya sa za ka ga ya duƙa, ya kafa ƙafa, kura tana motsawa kamar ba ta so. In wani ya kama masa ragowar ƙarfin ya kai 300, sauyin gudu ya koma 1. Ƙarfi ya ninku, shi ma ya ninku.

Amma ku tambayi kowane ɗan ga-ruwa abin da ya fi tsoro, zai ce muku gangara. Kurar da ta yi wuyar tashi ita ce mai wuyar tsayawa, domin tsayawa ma sauyin gudu ce, ita ma sai da ƙarfi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dutse Babba Da Ƙarami

Wani zai ce, in ƙasa ta fi jan abu mai jiki, ai babban dutse zai riga ƙarami faɗuwa. Mu gwada da lissafi. Dutse mai kilo 1 ana jansa da niyuton 10, a raba da 1, a sami 10. Mai kilo 5 ana jansa da 50, a raba da 5, a sami 10. Babban ya fi samun ja, amma ya fi wuyar motsawa daidai gwargwado, sai suka yi kunnen doki. Kuna iya gwadawa a filin makaranta: ku hau kan benci, ku saki duwatsu biyu lokaci ɗaya, ku saurari faɗuwarsu. Ban da jefawa a rijiya, ruwan sha ne.

Abin da ke sa ganye ko gashin kaza ya makara shi ne iska da ke tare shi. A watan Agusta na 1971 ɗan sama jannatin Amurka Debid Skot, na kumbon Afolo 15, ya tsaya a kan wata inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya, mutane suna kallo a talabijin. Gani ya kori ji.

'Yan makarantar Lahadi kuma sun san labarin Dawuda da Goliyat a littafin Sama'ila na fari, sura 17. Mun gaskata Ubangiji ne ya ba da nasarar. Duk da haka makiyayin ya san abin da ya ɗauko. Dutsen majajjawa jikinsa kaɗan ne, ƙarfin hannun saurayi ya isa ya ba shi gudu mai tsanani. Da ya sami goshi kuma, duk gudun nan ya ƙare cikin ƙiftawar ido, sauyin gudu ya yi yawa ainun, ƙarfin bugun ya yi yawa. Yaran da ke korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa su yi hattara da abokansu saboda wannan dalili.

A Kan Titi

Yanzu mun iso inda darasin nan ya shafi rai. Hanyoyin da suka tashi daga Daura zuwa Katsina, da Kano, da kan iyaka ta Kwangwalam wajen Damagaram, ba sa rabuwa da manyan motoci, balle ranar kasuwar Mai'aduwa. Ɗalibanmu suna tsallaka irin waɗannan hanyoyi, suna hawan babur da motar haya lokacin hutu.

A ce babbar mota ce, ita da kayanta kilo 10,000, tana gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan. Direba ya taka birki, birkin ya ba da niyuton 50,000. A raba da 10,000, a sami 5. Kowace sakan gudun yana raguwa da mita 5, za ta tsaya cikin sakan 4, bayan ta ci mita 40. To, mai kaya ya matsa, aka labta mata har ta kai kilo 20,000. Birki dai shi ne na jiya, yana da iyakar abin da aka ƙera shi ya yi. Raguwar gudu ta koma 2.5, lokaci ya zama sakan 8, tazara ta zama mita 80, kusan tsawon filin ƙwallonmu. Direban na iya zama gwani, ya ga yaro tun daga nesa, ya taka da iyakacin ƙarfinsa, motar ba za ta tsaya a mita 40 ba. In kuwa gangara ce mai tsawo, birkin yakan yi zafi ya ƙara saki. Saboda haka kada ɗalibi ya tsallaka gaban mota mai lodi yana cewa ai ta gan ni. Haka nan babur da aka ƙera don mutum biyu, in aka ɗora masa huɗu da buhu, tsayawarsa ta canza.

Mu duba kuma abin da ke samun wanda ke ciki. Mutum mai kilo 60 yana cikin motar da ke gudun kilomita 36 a awa kawai, wato mita 10 a sakan. Ta daki bishiya, shi kuma ya daki gaban mota ya tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Sauyin gudu 100 ne. Kilo 60 sau 100, niyuton 6,000, kamar a ɗora masa buhun siminti 12 a ƙirji. Uwa da ta rungume jariri mai kilo 10 a kujerar gaba, a wannan lokacin sai hannunta ya riƙe niyuton 1,000, nauyin kilo 100, kuma ba shiri. Ƙauna ba ta gaza ba, hannu ne ba zai iya ba. Shi ya sa wurin yara kujerar baya ne.

Jikinka ba ka iya rage shi a lokacin haɗari. Abin da ake iyawa shi ne a rage sauyin gudu ta wurin tsawaita lokacin tsayawa. In lokacin ya ninku, ƙarfin bugu ya koma rabi. Aikin bel ɗin mota ke nan: yana riƙe ka ka tsaya tare da motar yayin da gabanta yake lotsawa, yana kuma raba bugun a kan ƙasusuwa masu ƙwari. Irin bel ɗin da ke ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ɗan Suwidin, Nils Bolin, ya ƙirƙiro shi a kamfanin Volvo a 1959. Hular kwano ma haka take, abin da ke cikinta yana lotsawa don ƙwaƙwalwa ta sami ɗan lokaci. Ko mai tsaron gida a filin ƙwallo yakan janye hannu baya in ya cafke ƙwallo mai zafi, dalilin ɗaya ne. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. In jami'anta suka tsai da mota saboda lodi ko gudu ko rashin bel, fasinja kada ya taya direba faɗa, lissafin da muka yi yanzu yana bayansu.

Kammalawa

Ga 'yan aji shida masu shirin jarrabawa, ga shawara. In tambaya ta zo a kan wannan doka, ku fara zana abin, ku sa kibiya ga kowane ƙarfi, ku ɗebe na baya daga na gaba, sannan ku raba da kilo. Kada ku rikita kilo da niyuton, kada kuma ku rikita gudu da sauyin gudu. Yawancin makin da ake asara a nan ake asararsa.

Ga iyaye da dattawan ikkilisiya, roƙona shi ne, duk sa'ad da za a ɗauki mota zuwa taron zumunta ko biki ko babban taro, a ƙirga kujeru kafin a ƙirga mutane. Mukan yi addu'ar tafiya kafin mota ta tashi, daidai ne kuwa. Amma Allahn da muke roƙo shi ne ya kafa wannan tsari a cikin halittarsa, ya kuma ba mu hankalin gane shi. Bai kamata mu yi addu'a sannan mu gwada shi da lodi ba. Rigakafi ya fi magani.

Yarinyar nan da ta yi tambaya a bakin Kusugu ina yaba mata, domin da ta yi shiru da ba a rubuta wannan ba. Ku riƙa tambaya kamar ta. Gobe in aka aike ku rijiya, ku lura da hannunku lokacin da guga ya rabu da ruwa, ku zo aji ku ba ni labari. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba ku nasara a karatunku. Amin.